Sirdin fata, na roba ko na soso: wanne ya dace da mace mai hawan keke a Kumasi?

Matan Kumasi ba su kai na Tamale hawan keke ba, amma akwai su: 'yan makaranta daga Aboabo da Asawase, malamai da ma'aikatan jinya da suka gaji da jiran trotro, wato ƙananan motocin haya, da masu fita motsa jiki da sassafen Asabar ta hanyar Ejisu. Abin da ya fi sa mace ta jingine kekenta bayan 'yan makonni shi ne sirdi. Ciwo ne a wurin da ba za ta iya kwatanta wa mai gyaran keke ba, sai ta yi shiru ta ce keke bai karɓe ta ba. Idan kuma ta yi tambaya, wani ya ce ta nemi sirdin fata irin na kakanni, wani ya ce ta sayi mai soso mafi kauri a kasuwa. Shawarwarin nan biyu kowacce tana iya sa ki asarar kuɗi, don haka bari mu bi abin dalla-dalla.

Abubuwan da za ki auna kafin ki taɓa jakarki

Na farko, kuma wanda ya fi duk sauran nauyi, shi ne faɗi. A ƙarƙashin ɗuwawu akwai ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini, waɗanda kike ji idan kin daɗe zaune a kan benci. Allah ya yi su don ɗaukar nauyi. Idan sirdi ya tallafe su, jiki ya huta. Idan ya yi musu ƙanƙanta, sai su zarce gefe da gefe, tsakiyar sirdin ta shige ta danne gaba, inda babu ƙashi sai tsoka mai laushi da jijiyoyi. A mafi yawan mata tazarar ƙasusuwan nan ta fi ta maza, amma bambancin da ke tsakanin mace da mace ya fi wanda ke tsakanin jinsi da jinsi. Girman jiki ma ba ya nuna shi. Siririyar yarinya na iya samun ƙashi mai faɗi, mai jiki kuma ƙashinta ya zama matsattse. Shi ya sa rubutun «na mata» a jikin kwali bai isa hujja ba.

Aunawa ba wuya. Ki sami kwali mai kauri irin na katan, ki shimfiɗa a kan matakala ko benci mai tauri, ki zauna a kai da siririn wando, ki ɗan ɗaga ƙafafu don nauyinki ya sauka. Idan kin tashi za ki ga loɓa biyu. Ki goga alli su fito sosai, sannan ki auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya da tef ɗin tela. Mata da yawa sukan faɗo tsakanin santimita 11 da 15. Ki rubuta lambarki, da ita za ki shiga kasuwa. A sirdin soso akan ƙara kamar santimita 2 a kan lambar. Na fata yana da nasa lissafi, zan zo kansa.

Na biyu, yadda kike zama. Mai zama a miƙe a kan keken cefane, kusan duk nauyinta a baya yake, tana bukatar sirdi mai faɗi. Mai sunkuyawa a kan keken tsere, ƙugunta ya juya gaba, nauyin ya koma ƙashin da ke kusa da mara, faɗi mai yawa kuma sai ya goge mata cinya. A 2012 masu bincike na Jami'ar Yale a Amurka sun gwada mata 48 masu hawan keke a kai a kai, suka ga cewa waɗanda kan kekensu, wato ƙarfen da ake riƙewa da hannu, ya fi sirdi ƙasa sun fi samun dannewa a gaba, jin taɓi a wurin kuma ya ragu. Wato wani lokaci laifin ba na sirdi ba ne, kan keken ne ya yi ƙasa da yawa.

Na uku, yanayin garinmu. Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara kuma yakan kai kusan milimita 1,400, kusan ninki biyu na abin da Accra ke samu. Daga Disamba hunturu ya shigo da bushewa da ƙura. Fata ba ta son ruwan, ba ta kuma son bushewar.

Sauran ma'aunai su ne kuɗi, ƙarko, wahalar kulawa, da haɗari: ɓarayi, ɓata tufafi, da sayen abin da ba za a iya mayarwa ba.

Sirdin fata marar sifirin

Idan aka ce sirdin fata, Brooks ake nufi a mafi yawan lokuta. Kamfani ne na Ingila da John Boultbee Brooks ya kafa a Birmingham a 1866, ya fara da kayan doki, ya yi rajistar sirdin kekensa na farko a 1882. Har yanzu ana ƙera su a Smethwick, kusa da Birmingham, duk da cewa kamfanin Selle Royal na Italiya ya saye shi a 2002. Wanda ya fi shahara shi ne B17, da ake yi tun ƙarshen ƙarni na 19.

Babu soso ko kaɗan a cikinsa. Ƙirgin saniya ne mai kaurin kusan milimita 5, wanda aka jeme da ɓawon itace, hanya ɗaya da yadda majemanmu ke aiki da bagaruwa. An ɗame shi tsakanin ƙarfe biyu kamar fatar ganga, ɗaya a hanci, ɗaya a baya, tsakiya kuma babu komai a ƙasa. Ranar farko tauri gare shi sosai. Da tafiya ta yi tafiya, zafin jiki da nauyi sukan sa ƙasusuwan nan biyu su yi wa kansu gurbi a fatar, sirdin ya ɗauki siffar mai shi. Wannan ne sirrinsa, kuma gaskiya ne. Ga fa'ida ta biyu da ta shafe mu a ƙasa mai zafi: fata tana da santsi, ba ta kama tufafi, ba ta tara zafi da zufa kamar leda. Mai tafiyar awa uku ko huɗu, misali daga gari zuwa tafkin Bosomtwe da dawowa, za ta ji bambancin.

Amma ga lissafin da masu yabonsa ba su cika faɗi ba. Faɗin B17 santimita 17.5 ne, sai dai a ƙarƙashin bayansa akwai lanƙwasasshen ƙarfe da aka kafe fatar a kai da ƙusoshi. Ƙarfen nan yana cin kamar santimita 2 a kowane gefe. Abin da ya rage na zama bai wuce santimita 13 da ɗoriya ba. Mace mai tazarar 12 za ta zauna a kan fata. Mai 14 kuwa a kan ƙarfe da ƙusa za ta zauna, kuma ko shekara goma ta yi tana haƙuri ƙarfe ba zai yi laushi ba. Mata da yawa da aka ce musu «ki daure, zai saba da ke» wannan ce matsalarsu.

Akwai gajeren samfurinsa, B17 Short, wanda a da ake sayarwa da sunan na mata. Tsawonsa kusan santimita 24 ne maimakon 27.5, faɗin kuwa kusan ɗaya ne da na asali. An gajarta shi ne don kada hanci ya riƙa kama siket. Ga mai hawa da abaya ko doguwar riga wannan amfani ne na gaske, musamman wajen sauka da gaggawa a cunkoson kasuwar Kejetia. Abin da aka rasa shi ne gajeriyar fata ba ta lanƙwasa kamar doguwa, ta fi tauri, ƙarafunan da ake ɗaure shi da su a ƙasa kuma gajeru ne, ba za ki iya tura sirdin baya sosai ba. Doguwar mace, ko mai hawa da wando, a ganina gara ta ɗauki na asali.

Kuɗinsa: sabo a Turai ko Amurka ya haura dala 100 nesa ba kusa ba, kafin kuɗin aikowa da na kwastan. A takaice yana iya kaiwa ko ya wuce kuɗin keken hannu sukutum. Ƙarko kuwa, idan an kula da shi yakan yi shekaru goma, ashirin, har fiye. Nauyinsa kusan rabin kilo.

Kulawar ce aiki. Ruwan sama shi ne babban abokin gabansa. Idan ya jiƙe sharkaf kika hau, fatar za ta miƙe ta lotsa, ba ta komawa daidai. Dole ki riƙa yawo da roba a ƙarƙashin sirdin don rufewa, keken kuma ya kasance da marfin taya na baya, domin taɓon da taya ke watsowa daga ƙasa ya fi ruwan sama ɓarna. Idan ya jiƙe, a bar shi ya bushe a inuwa, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba. Da damina, keken da aka ajiye a ɗaki marar iska, fumfuna za ta hau fatar cikin 'yan kwanaki. Da hunturu kuma tana bushewa ta fara tsagewa a gindin ƙusoshi. Kamfanin yana da man shafawarsa mai suna Proofide, ana sa ɗan kaɗan lokaci-lokaci. Na san hannun kowace 'yar zango zai tafi ga man kaɗanya, tunda shi ne maganin duk abin da ya bushe a gidajenmu. Ki yi hankali. Mai da yawa yana sa fatar ta yi laushi fiye da kima ta saki, kuma sirdin da ya saki ya mutu. Man inji ko man ja kuwa kada ma a fara. A hancin sirdin akwai noti na ɗame fata. Ba a taɓa shi sai fatar ta lotsa a zahiri, sannan a juya kwata ɗaya kawai da sifana. Kada ki bari a ɗame miki shi gaba ɗaya da sunan gyara, domin idan zaren notin ya ƙare babu sauran gyara.

Sai batun tufafi. Sabon sirdin fata, musamman baƙi ko mai ruwan ƙasa, yana sakin rini idan ya haɗu da zufa. Farar atamfa ko kayan makaranta masu haske za su ɗauki tabo a baya. Wannan kaɗai ya isa ya sa wasu su haƙura da shi.

Sirdin fata mai faɗi mai sifirin

Wannan shi ne irin wanda aka sani a kan tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix na iyayenmu. A Brooks akwai B66, da aka fara yi a 1927, da ƙaninsa B67. Faɗinsu kusan santimita 20.5, don haka mace mai faɗin ƙashi tana samun wurin zama a kan fata zalla. Sifirin biyu a baya suna shanye bugun ramuka, abin da duk mai bin lungunan Sawaba ko hanyoyin da ruwa ya zaizaye za ta gode wa. Ga mai zama a miƙe, wannan ne sirdin fatar da na fi yarda da shi ga mata.

Sharaɗinsa ɗaya: kan keke ya fi sirdi tsawo. Idan kin sunkuya a kansa, faɗin zai riƙa gogar bayan cinya a kowane juyin feda. Yana da nauyi, B67 ya haura giram 800, B66 kimanin kilo ɗaya ne, a hawan tudun Kumasi kuma ana jin kowane giram. Sifirin ɗin an yi su da tauri, mace marar nauyi ƙila ba za ta ji suna aiki sosai ba, kuma da tsufa sukan fara ƙara. Ki duba ƙasansa kafin ki biya: B66 ƙarafuna bibbiyu gare shi a kowane gefe, sai da tsohon maɗauri irin na keken da, B67 kuwa ƙarfe ɗaiɗai ne, yana hawa kan sandar sirdi ta zamani. Akwai kuma Flyer, wanda B17 ne aka sa wa sifirin, faɗinsa bai ƙaru ba. Kuɗinsu ya ɗara na B17, kulawa iri ɗaya.

Sirdin fata mai tsaga a tsakiya

A nan ne batun mata ya fi zafi. Fatar da ta yi gurbi biyu a baya takan bar tudu a tsakiya, tudun nan kuwa daidai inda ba a so yake dannawa. Ciwon ƙashi a makonnin farko abu ne da ke wucewa. Dannewa a gaba ba ta wucewa da haƙuri, ƙaruwa take yi. Ba ƙananan mahaya kaɗai abin ke damu ba. Hannah Dines, 'yar tseren keken nakasassu ta Birtaniya, ta fito fili a 2019 ta rubuta cewa sai da aka yi mata tiyata saboda kumburin da sirdi ya jawo mata shekara da shekaru. Hukumar tseren keke ta duniya ma, UCI, ta sassauta dokarta a 2016, ta yarda a karkatar da sirdi har digiri 9, bayan koken da ya fito daga ɓangaren 'yan tseren Birtaniya.

Maganin da masu ƙera sirdi suka kawo shi ne tsaga. Brooks yana da B17 Carved, wanda a da ake kira Imperial. Selle Anatomica na Amurka yana da doguwar tsaga da fata mai laushi tun daga ranar farko, kowane ɓari yana motsi da ƙafarsa, ƙarafunansa na ƙasa kuma dogaye ne. Rivet, shi ma na Amurka, wata mace mai dogon zango a keke, Debra Banks, ta kafa shi. Mata da yawa sun sami sauƙi da irin waɗannan.

Ba kowa ba, amma. Tsaga tana ɗauke nauyi daga tsakiya ta mayar da shi bakinta biyu. Idan faɗin tsagar bai yi daidai da halittarki ba, bakin fatar zai riƙa tsunkulinki, wani lokaci ya fi marar tsaga zafi. Fata mai tsaga kuma ta fi saurin miƙewa, don haka a damshin Kumasi za ki fi yawan ɗame ta, ƙarkonta bai kai na marar tsaga ba. Samunsu a Ghana sai ta hannun mai zuwa daga waje, babu damar gwadawa kafin saye. Haɗarin asara a nan ya fi ko'ina.

Wata za ta ce, to me zai hana in kai wa baduku ya tsaga mini? Ana yi, amma wuƙa ba ta komawa baya. Aikin da baduku zai yi miki lafiya lau shi ne huda gefunan sirdin da suka buɗe suna gogar cinya, ya zura igiyar fata ya ɗaure su ta ƙasa. Wannan yana dawo da siffar tsohon sirdi. Sake masa sabuwar fata kuwa sai an sami ƙirgi mai kauri sosai. Fatar akuya da ake jaka da kube da ita ba za ta ɗauki nauyin mutum ba.

Na hannu da masu kwaikwayo

Wani lokaci a cikin kekunan hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema akan tsinci sirdin fata na gaske a kan tsohon keken Holan ko Ingila, mai sayarwa ma bai damu da shi ba. Idan kin ci karo da shi, ki duba abu uku: tsagewa a gindin ƙusoshi, yawan zaren da ya rage a notin hanci, da gurbin da tsohon mai shi ya bari. Idan gurbin ya yi zurfi ko ya karkata gefe ɗaya, jikin wani ne za ki zauna a ciki, ki bar shi. Wanda ya bushe kawai amma siffarsa na nan, riba ce babba.

Sababbi masu araha da ke zuwa daga Indiya da Sin suna kama da Brooks a ido. Wasu ba laifi. Da yawa fatarsu siririya ce, damina ɗaya ta lotsar da su, wasu ma leda ce aka manna a kan roba mai tauri. Ki juya shi ki kalli ƙasa. Fatar gaske tana da gashi-gashi a ciki, kaurinta kuma a bayyane yake a baki.

Sirdin roba irin na Cambium

A 2013 Brooks ya fito da Cambium, mai tsari irin na fata, wato shimfiɗa a rataye tsakanin ƙarfe biyu, amma da robar itace aka yi shi, aka rufe da yadi. Ba ya jiran sabo, ba ya son mai, ruwa ba ya lalata shi, babu notin ɗamewa. C17 faɗinsa kamar santimita 16, C19 kamar 18, kowanne akwai mai tsaga. Ga wadda kekenta ke kwana a tsakar gidan haya, wannan ya warware rabin matsalar fata. Sai dai yadda kika same shi ranar farko haka zai zauna har abada, ba zai ɗauki siffarki ba. Yadin samansa yana da kaushi, yana cin wando da siraran atamfa a hankali. Kuɗinsa bai yi ƙasa da na fata da wani abin kirki ba.

Sirdin soso ko jel

Shi ne a ko'ina, shi ne mai araha, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Mai sayarwa zai danna miki shi da babban yatsa ya ce ji laushi, Hajiya. Laushin nan na minti goma ne. Ƙasusuwanki za su nutse cikin soso, soson da suka ture ya taso ta tsakiya ya danne gaba, ga zafi ga zufa. Rigar jel da ake ɗaura wa sirdi ita ma haka, ga zamewa.

Wanda ya dace shi ne mai matsakaicin tauri, shimfiɗaɗɗe a baya, mai kwari ko tsaga a tsakiya, mai gajeren hanci, faɗinsa daidai da lambarki. Tun shekarun 1990 Georgena Terry ta Amurka ta fara yi wa mata irin wannan, yanzu kuma Specialized, Selle Italia, Selle Royal da Ergon duk suna da su, wasu a faɗi biyu ko uku. A tarin sirdunan hannu wajen masu gyaran keke ana samunsu da kuɗi kaɗan, kuma a nan ne kawai za ki iya cewa, Malam, ɗaura mini wannan in zaga in dawo. Rauninsa ƙarko ne. Rana tana fasa ledar, ruwa ya shiga soso ya zauna, ki hau da safe ki sauka da jiƙaƙƙen zani. Bayan 'yan shekaru soso ya mutu, a sayi wani.

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Kulawa | Jure ruwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Fata marar sifirin | Tsada | Shekaru masu yawa | Mai yawa | Rauni | Zama kan ƙarfe, rini |
| Fata mai sifirin | Tsada sosai | Shekaru masu yawa | Mai yawa | Rauni | Nauyi, gogar cinya |
| Fata mai tsaga | Tsada sosai | Matsakaici zuwa mai kyau | Mafi yawa | Rauni | Tsunkuli, saurin miƙewa |
| Fata ta hannu ko kwaikwayo | Araha | Sa'a | Mai yawa | Rauni | Siffar wani, jabu |
| Roba | Tsada | Mai kyau | Kusan babu | Sosai | Cin tufafi |
| Soso ko jel | Araha | 'Yan shekaru | Babu | Sai leda ta fashe | Laushi mai yaudara |

Kafin ki yanke wa kowane sirdi hukunci

Ki tabbatar an ɗaura shi daidai. Ki ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarki ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsawon ke nan. Masu koyo suna son sirdi ƙasa-ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa, amma hakan yana tara duk nauyi a ɗuwawu ya kuma ɓata gwiwa. Idan ya yi sama da yawa, ƙugu zai riƙa rangaji, gogayya ta kawo ƙuraje. Sirdin soso a fara shi a kwance daidai. Na fata yana da santsi, maza sukan ɗaga hancinsa don kada su zame gaba, kuma mai gyaran keke haka zai ɗaura miki bisa sabo. Ga mace ɗagaggen hanci azaba ne. Ki sa a sauke shi kaɗan-kaɗan har ki sami inda ba ya danna ki kuma ba ki zamewa kan hannuwa. Idan kin rasa wurin nan, a ɗaga kan keken. Kamfai mai kaurin ɗinki a tsakiya ma yana jawo abin da ake ɗora wa sirdi. Siririn wando marar ɗinki a matsematsi a ƙarƙashin abaya yana taimakawa ƙwarai.

Idan kuma kina jin wurin ya mutu bayan sauka, ko kumburi, ko zafin fitsari, ko maruru mai dawowa, ki ajiye keken ki ga ma'aikaciyar jinya ko likita. Mai jego ta jira sai ta warke sarai. Sirdi kuma ɓarawo yana iya cire shi da sifana ɗaya, don haka wadda ta sa mai tsada ta zura tsohuwar sarƙar keke ta ɗaure shi da jikin keken.

Wa zai ɗauki wanne

'Yar makaranta, ko mai zuwa aiki da kasuwa tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba, wadda kekenta ke yini a rana ya kwana a waje: sirdin soso mai ɗan tauri, daidai faɗinta. Kuɗin fata gara ta sa su a taya mai kyau da birki.

Mai zama a miƙe, mai tazarar ƙashi 13 da rabi ko fiye, mai hawa kullum a hanya mai ramuka, kuma tana da rumfa ko ɗakin ajiye keke: fata mai faɗi mai sifirin, B67 idan kekenta na zamani ne. Idan da abaya take hawa, ta nemi gajeren samfurinsa, ta kuma sa tufafi masu duhu a watannin farko.

Mai dogon zango a ƙarshen mako, mai ɗan sunkuyawa, tazararta ba ta wuce 13 ba: B17, na asali idan da wando take hawa. Idan ta riga ta san dannewar gaba ce matsalarta a kowane sirdi, ta fara gwada mai tsaga na soso mai araha, ta ga ko tsaga tana karɓarta, kafin ta aika a sayo mata na fata mai tsaga.

Mai son irin zaman fata amma ba ta fasa fita don hadari, ko mai zama a Accra kusa da iskar teku da damshinta: Cambium, C19 idan a miƙe take zama, C17 idan tana sunkuyawa.

Mai keken tsere da ke kwanciya sosai a kan ƙarfe ta bar fata gaba ɗaya, ta nemi na zamani mai gajeren hanci da faffaɗar tsaga. Wadda kuma take raba keke ɗaya da ƙannenta ko maigidanta, ita ma fata ba tata ba ce, domin jikin wanda ya fi hawa sirdin zai bi.